Sarkin Magina Korau a Birnin Suri

A can Kwarin Giginya, tun zamanin da ba a san siminti ba, an yi wani magini ana ce masa Korau. Shi ne Sarkin Maginan garin, kuma ko maƙiyinsa ya san ba a yi kuskuren naɗi ba. In ya hau katanga ana jefo masa tubali daga ƙasa, ko kallon tubalin ba ya yi, hannu kawai yake miƙawa yana 'yar waƙarsa, tubali ya je ya zauna inda aka nufe shi. Amma abin da ya kai sunansa garuruwa shi ne bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke tasowa daga bango biyu, ya haɗu a sama, ya ɗauki rufin soro ba tare da ginshiƙi ba. Korau ya san ya iya, kuma ba ya jin kunyar faɗa.

To, gidansu Korau suna da wata al'ada. Komai na gini ana koya wa yaro, tun daga kwaɓa ƙasa har yaɓe da zanen bango. Amma ɗaurin baka, wato yadda ake jera azarar giginya a ɗaure ta har ƙafafun bakan su haɗu, wannan ba a gaya wa kowa sai Sarkin Magina ya ji mutuwa ta iso. A nan ne zai kira mutum ɗaya ya raɗa masa a kunne. Ranar da za a ɗaura baka kuwa, sai a kewaye wurin da zana, kowa ya sauko, a riƙa tura wa Sarki azara ta ƙarƙashin zana, ya yi aikinsa shi kaɗai. Wanda ake sa ran zai gaji Korau shi ne Nomau, ɗan ƙanensa, mutum mai haƙuri da tsabtar hannu. Har furfura ta fara leƙowa a gemun Nomau, bai taɓa ganin abin da ake yi a bayan zana ba.

Wata shekara babban soron garin, inda ake shari'a ake kuma saukar baƙi, ya rushe da damina. Mai gari ya sa Korau ya tayar da sabo wanda ya fi na da. Aka yi ta aiki duk rani, bango ya tashi, sai rufi. Bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ranar ɗaurin baka Korau ya shiga bayan zana, ya yi bisimilla, ya sa hannu ya ɗebi kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Nan take ta zama ƙura ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya sake ɗiba, ta sake zubewa. Ya dafa bango don ya gyara tsayuwa, wurin da ya dafa ya ɓurme. Ya sauko yana ɓoye hannu cikin riga, ya ce wa leburori yau ba ranar aiki ba ce.

A gida ya gwada. Ya ci tuwo da hannun, ya yi alwala, ya ɗaure akuya, lafiya lau. Amma duk abin da aka gina da ƙasa, da ya taɓa sai ya koma gari. Matarsa Yalwa tana kallo har ya gama da murhunta.

Ta ce, "To Malam, tun da ka ga bayan murhuna, sai ka saurare ni. Hannu ne ya ƙi, ai bakinka yana nan. Ka kira yaron nan Nomau ka gaya masa yadda ake yi, ya rufe wa mutane soronsu kafin ruwa ya sauko."

Korau ya harare ta. "Kin ga alamar mutuwa a jikina ne?"

"Ina fa! Wanda ya tashi da tuwon jiya har da ƙanzo?"

"To, ba a faɗa sai ana mutuwa. Haka na tarar, haka zan bari."

Ta ce, "Allah ya kyauta. Ruwa dai ba ya jiran kowa ya mutu."

Korau ya san gaskiya ta faɗa. In ruwa ya sami bangon nan a buɗe, aikin rani duka ya narke, sunansa ya bi shi. Amma taurin kai gadonsu ne kamar ginin. Ya tuna ya ji a gidansu cewa kakansu na farko wajen mutanen suri ya koyo sana'ar, a wani ƙaton suri da ke bayan kududdufin da suke haƙar ƙasa. Ya ce tun da daga can abin ya fito, can zai je ya ji dalili. Mutum ya gwammace ya shiga wajen aljanu da ya yi wa ɗan ƙanensa magana!

Da rana ta take tsaka ya isa gindin surin, ya yi sallama da ƙarfi. Surin ya tsage kamar ana buɗe ƙwarya, wata iska mai sanyi ta fito, Korau ya sa kai. Bai yi nisa ba ya ga ƙofa, a bakinta wani jan ƙato mai jikin mutum da kan zago, wato babbar gara, muƙamuƙansa kamar lauje biyu.

Ƙaton ya ce, "Wa alaikumus salamu, ya kai ɗan Adam. Ni ne Zago, Sarkin Ƙofar Birnin Suri. Wane ne kai, me kuma ya kawo ka inda ba a gayyace ka ba?"

"Ni ne Korau ɗan Barau, Sarkin Maginan Kwarin Giginya. An taɓa mini hannu, na zo in ji wanda ya taɓa."

Zago ya yi dariya har ƙasa na zubowa daga rufi. "Mun daɗe ba mu ga mai baki irin naka ba. Uwar Suri ce kaɗai za ta ba ka amsa. Tsakaninka da fadarta akwai Kogin Ƙasa. Ba ruwa ke gudu a cikinsa ba. Duk ƙasar da ka kira da sunanta za ta tsaya ka taka, wadda ka kasa kira kuwa ita za ta zama kabarinka. Ka koma gida tun da sauran mutunci."

Korau ya ce, "Ƙasa ce za ta ba ni tsoro? Buɗe mini."

Ya wuce, ya gangara wani rami mai tsawo, sai ga kogin. Faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Ƙasa ce iri-iri ke malala, kowace da launinta, suna tafiya gefe da gefe ba sa cakuɗuwa, suna ruri kamar ana niƙa. Korau ya naɗe ƙafar wando, ya dubi ta farko ya ce, "Ke turɓaya, tsaya!" Ta tsaya cak, ya taka. "Ke jigawa, mai gero da gyaɗa!" Ta tsaya. Ya kira jangargari, ya kira marmara, ya kira yumɓu na masu tukwane, ya kira baƙar laka ta fadama mai tsagewa da rani. Kowace ya ambata sai ta sandare a ƙarƙashin ƙafarsa, har ya fara tafiya yana rangaji kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Saura kaɗan ya kai gaɓa ya tarar da wata ƙasa ruwan toka mai ƙyalli. Ya duba, ya sunsuna, ya lalubi kansa kaf, babu sunanta. Ta baya kuma ta fara motsi. Dole ya taka, ya kuwa nutse har ƙirji.

Wata murya ta fito daga cikin ƙasar ta ce, "Kakan kakanka ya san ni. Da ni yake shafe rufi, ruwa ya shekara yana duka ba ya shiga. Ina bayan garinku har yau, awaki na tattaka ni, ba mai kirana. Yau na sami wanda zan huce a kansa."

Ta ja shi har wuya. Nan fa Korau ya ji tsoro na gaske, ya yi salati. Sai ya tuna da masifar da ke hannunsa. Ya buɗe tafukansa ya danna cikin ƙasar, duk inda ya taɓa ya zama ƙura. Haka ya yi ta tonon hanya yana tari har ya dafa gaɓa ya fito, fari fat kamar an tsamo shi daga buhun gari. Ya zauna ya huta, amma abin ya tsaya masa a rai. Shi da yake cewa ba ƙasar da bai sani ba, ga wata a bayan gidansu.

Daga nan hanya ta kai shi bakin wani kwazazzabo wanda ba a ganin ƙarshensa. Wani shinge, wato gara mai fiffike, girmansa ya kai raƙumi, ya sauko ya shimfiɗa fiffike, ya ce an aiko shi. Korau ya hau ya rungume wuyansa, suka tashi cikin wata guguwa mai jifa da tsakuwa. Suna gab da isa fukafukan shingen suka fara karkaɗewa, kamar yadda na 'yan'uwansa ke yi bayan ruwan farko. Suka faɗo tare a kan gaɓa, suka yi ta mirginawa. Shingen ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce, "Ka yi haƙuri, mu haka tafiyarmu take, zuwa ne babu komowa." Korau ya dafe ƙugu, ya ce ya gode, amma da an gaya masa tun farko.

Yana ɗaga kai ya ga kasuwa. Rumfuna ne jere har iyakar gani, ana ta aiki, ƙarar guduma da masaƙa da kiɗa ta cika wuri, amma babu mutum ko ɗaya. Hannaye ne kawai, bibbiyu, ba jiki ba kai. Ga wasu na saƙa wani zane mai ado da bai taɓa ganin irinsa ba. Ga wasu na ƙira, wasu na jima, wasu na haɗa magani daga saiwoyi, wasu na kaɗa wani take a ganga wanda ba mai amsawa. Da sun gama abu sai ya narke, su sake farawa. Shingen, wanda yanzu ya koma tafiya da ƙafa, ya ce, "Wannan ita ce Kasuwar Hannaye. Duk wanda ya mutu da sani bai koya wa kowa ba, nan saninsa ke zuwa. Ga layinku can."

Korau ya shiga layin magina, ya tsaya baki buɗe. Bakan gizo ne iri-iri. Ga wanda ƙafafu da yawa suka taso daga kowane bango suka haɗu a tsakiya kamar yatsun da suka kama ƙwarya. Ga wani a kan wani. Ga wani mai faɗin da doki zai yi sukuwa a ƙarƙashinsa. Shi da ake wa kirari a garuruwa, iri ɗaya tak ya sani, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a wurin.

A ƙarshen layin ya ga wasu hannaye, ƙaramin yatsan hagu a karye ya warke a karkace. Ko cikin dubu zai gane su. Hannun mahaifinsa ne, Barau. Ranar da tsohon zai rasu ya jawo kunnen Korau yana raɗa masa sirrin, numfashi na yankewa, har ya kai inda ya ce, "In ƙafafun suka zo haɗuwa, kada ka..." Nan rai ya yi halinsa. Korau ya yi shekara da shekaru yana cike gurbin da dabararsa, bai taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ga hannayen suna ɗaure mahaɗar baka da wani irin ɗauri mai sauƙi, mai kyau, suna gamawa yana warwarewa, suna sake farawa. Korau ya durƙusa ya ce, "Baba, ashe abin da za ka ce ke nan." Ya yi kuka sosai, ba ya ko jin kunyar shingen.

Fadar Uwar Suri tana gaba kaɗan. Soro ne wanda rufinsa ya yi nisa har wani ɗan gajimare na yawo a ciki. Ita kuwa tana kishingiɗe a kan dakali, farar tsohuwa mai girman jiki, fuskarta da fara'a, ƙananan mutane farare suna kai da kawowa a gabanta, kowa da ɗan curin ƙasa a ka. Abin da ya ba Korau mamaki, ko'ina aka juya gini ake yi, kuma ko'ina manya na aiki ƙanana na kusa da su, ana nuna musu ana faɗa musu sunan kowane abu. Babu zana ko ɗaya a birnin.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninki. Ni ne..."

Ta ce, "Mun san ka, ya Korau ɗan Barau. Ni na sa aka kama hannunka. Kafin ka tambayi dalili, ga aiki. Ƙofar fadata tana son baka. Ga azara, ga igiya, ga ƙasa, ga magina. Ka tayar mini da shi ba tare da ka taɓa komai ba. In ya tsaya, mu yi magana. In ya faɗi, akwai rumfa a kasuwa tana jiran hannunka, sauran jikin kuma Zago ya san yadda zai yi da shi."

Korau ya dubi ƙananan maginan, suka dube shi. Ya ce a ransa, waɗannan ai ba mutane ba ne, gaya musu bai karya al'ada ba. Ya gyara murya ya ce, "Ku ɗauko azara ku sa ta... haka." Suka tsaya suna kallonsa. "Haka nake nufi, ku ɗan... a'a, ba haka ba!" Gumi ya karyo masa. Abin da ya yi shekaru yana yi ido rufe, ashe bai taɓa faɗarsa da baki ba, kalmomin sun yi tsatsa. Azarar farko ta sulluɓe ta faɗi, ya ji Zago ya iso bakin ƙofar fada yana wasa muƙamuƙi.

Sai ya rufe ido, ya bi aikin a hankali kamar yana yi, duk abin da hannunsa ya so yi sai ya ba shi suna. Ya ce, "Ku binne gindin azara cikin bango, abin da ke ciki ya fi abin da ya leƙo. Ku danne gindin da ƙasa mai nauyi. Wadda za ta hau kanta ta leƙo gaba kaɗan, kamar mai leƙen rijiya yana tsoron faɗawa. Ku ɗaure, ku yaɓe, ku bari ta sha iska. Kada wannan ƙafa ta riga waccan, tare za su tashi kamar tagwaye." Magana ta fara zuwa, har ta koma waƙa, ƙananan magina na amsawa suna aiki. Ƙasar birnin kuwa nan da nan take bushewa. Da ƙafafun suka zo haɗuwa ya faɗa musu ɗaurin da ya gani a hannun mahaifinsa. Ya buɗe ido, ga baka ya tsaya, ya fi duk wanda ya taɓa yi. Wani daɗi ya kama shi wanda bai san da shi ba, na ganin abin da ke kansa ya fito ta hannun wani.

Uwar Suri ta yi murmushi. "Madalla. Yanzu ka ji dalili. Kakanku na farko mu muka koya masa gini, da izinin Allah, bisa sharaɗi ɗaya, ya koyar. Ya kuwa koyar, har mata da yara sun san sunan kowace ƙasa a garinku. Wani jikansa ne ya ji kishin ƙanensa, ya kafa zana, ya ce sai ana mutuwa. Ku kuka mai da kishin mutum ɗaya al'ada. Ya ɗan Adam, mai mutuwa numfashi nawa gare shi? Kowane Sarki ya tafi da rabin magana a bakinsa, rabin ya dawo mana. Muka ga saura baka ɗaya ya rage muku, muka kama hannunka don bakinka ya buɗe. Ba mu zaci za ka ratso Kogin Ƙasa don gudun yi wa ɗan ƙanenka magana ba."

Korau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a mayar mini da hannuna."

"Za a mayar, in shi ka zaɓa. Ka koma da hannunka da bakanka ɗaya, ka rufe soro, a yi maka kirari, ka riƙe sirrinka har ranar raɗa. Ko kuwa ka ɗauki duk abin da ke layin magina, da sunan ƙasar da ta so haɗiye ka, mu zuba maka a ka. Amma kasuwa ba ta sakin abu sai an bar mata wani. Hannunka na gini zai zauna a nan, har ka mutu ba za ka ƙara taɓa ginin ƙasa ya tsaya ba. Abin da ka faɗa wa mutane ya zama nasu. Abin da ka riƙe, ranar da ka mutu ya dawo."

Korau ya dubi tafukansa. Da su ya ci, da su aka san shi, yana son su kamar 'ya'ya. Sai ya tuna da hannayen nan masu karkataccen yatsa, suna ɗauri yana warwarewa.

Ya ce, "In na kwashe, hannun mahaifina zai huta?"

"Zai huta."

"To a zuba mini. Amma a zuba duka, kada a rage ko igiya ɗaya. Bakina ya fi hannuna kaifi, matata shaida ce."

Uwar Suri ta yi dariya, ta ɗebi wata 'yar ƙasa ta shafa masa a goshi. Ya ji kansa ya yi nauyi kamar ya ɗauki tulu. Kafin ya ƙifta ido sai ga shi a bakin kududdufin garinsu, hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi.

Bai ko biya gida ba. Ya nufi soron, ya sa ƙafa ya ture zanar, ya aika mai shela ya zaga gari, duk mai son ganin yadda ake ɗaura baka ya zo. Wasu dattawa suka ce Korau ya taɓu. Nomau kuwa da ya ji, sai ya zo a guje ido ya yi ja, ya durƙusa.

"Baba, jikin ne? Me ya same ka?"

"Tashi, ba mutuwa nake ba. Hau bango."

"Ni? Bayan zana?"

"Ka ga zana a nan? Hau, na ce, furfura na neman cinye ka a ƙasa."

Aka taru, maza da mata. Korau ya zauna a kan turmi, hannu cikin riga, ya shiga magana. Da safe ya kai su bayan gari, ya sa kowa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sunsuna, ya faɗi sunanta, har da mai ruwan tokan nan da awaki ke tattakawa. Da hantsi a dawo bango. Ya mai da kowane mataki waƙa, masu jefa azara na amsawa, har matan da ke daka a gidaje suka ɗauka. In mutum ya yi kuskure ya sha faɗa, don sarautar ba ta bar Korau ba. Yalwa ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin ya yi magana mai amfani da yawa haka ba. Ba ƙaramin baka ya sa su yi ba, mai ƙafafu da yawa ya zaɓa, irin wanda rabon garin da ganinsa tun kakannin kakanni. Hadari na haɗuwa yana watsewa, su kuwa suna aiki ba ji ba gani, har aka haɗe, aka rufe, aka shafe rufin da ƙasar nan mai ƙyalli.

Magina suna da wata ƙa'ida, ranar ruwan farko wanda ya yi rufi shi ke zama a ƙarƙashinsa, in zai faɗi ya faɗo a kansa. Ruwan ya sauko wata rana da la'asar, da iska da tsawa. Korau ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar soron, nesa da bango, ya zauna. Sai ga Nomau ya shigo, hannunsa duk busasshiyar ƙasa, don daga gyaran indararo yake.

"Baba, ka tashi. Hannuna ne ya yi, ni zan zauna."

"Bakina ne ya faɗa."

"To sai mu zauna tare."

Bai rufe baki ba wanda ya ɗaure igiya ya shigo, ya ce shi ma da hannunsa a ciki. Masu jefa azara suka biyo, da matan da suka tankaɗe ƙasar rufi, da Yalwa da ta ce ita ta fara ba da shawara. Kafin a jima soro ya cika, ba wurin sa ƙafa. Ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ɗaga kai yana kallon mahaɗar baka. Ko ɗigo bai sauko ba.

Da ruwa ya tsagaita mutane suka kaure da sowa, kowa na bubbuga bango yana shafawa, yadda magini ke yi wa aikinsa in ya yi kyau. Korau ma ya miƙe, ya nufi bangon, hannunsa ya fito daga riga da kansa. Saura kaɗan ya taɓa ya tuna, ya tsaya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai taɓa ganin gini mai kyan wannan ba, kuma shi kaɗai ne a garin ba zai taɓa shi ba.

Ya juya, ya kamo hannun Nomau da hannu biyu ya riƙe gam. Busasshiyar ƙasar da ke jikin hannun ta zama ƙura ta zube. Hannun kuwa yana nan, da ɗuminsa da ƙarfinsa.

Korau ya ce, "Gobe da sassafe ka tara su. Akwai wani baka mai hawa biyu, ban fara gaya muku ba tukuna."